Kafin Ka Nemo Kod a Intanet, Fara Tambayar Kunnenka

Duk mai kwana a hostel ya san yanzu kusan kowane layi akwai mawaƙi. Wani da FL Studio a kwamfutarsa, wani da fiyano Yamaha ta aro. Kuma hanya ɗaya muke bi: a buɗe waya, a nemo jerin kod na soyayya, na baƙin ciki ko na murna, a kwafa. Ga wanda bai sani ba, kod shi ne sauti uku ko fiye da ake dannawa a fiyano lokaci guda. Ni ma na bi wannan hanya, kuma na ji jiki.

Bara aka sa bikin ƙanwata a Roni, na ce ni zan yi mata waƙar rakiya. Intanet ta ce kod ɗin maino na baƙin ciki ne, meja na farin ciki. Tunda rabuwa ce, sai na ɗauko Am, F, C, G, na tilasta wa baitocina hawa kai. Na kwashe ɗan abin da na tara a SIWES na kai wani situdiyo a Kano. Da na kunna wa gwaggona, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ɗan nan, wace kuka ce amaryar ke yi? Ta miya?"

Wallahi gaskiya ta faɗa. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kukan hawaye, gaɓoɓinsa biyu a sama suke. Kukar miya kuwa, gaɓar ƙarshe sauka take yi. Kod ɗina ya ja muryata ƙasa daidai wurin, sai hawaye suka koma bishiya. Wanda ya tsara jerin nan a Turai ko Amurka bai san wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Abu na biyu, yanayin zuciya ba ya zama cikin akwati ɗaya. Ranar kai amarya, uwa na share hawaye, ƙawaye na guɗa, duk a tsakar gida ɗaya. Wane jeri ne ya tanadi wannan? Ko su kod ɗin ma, huɗun da na ɗauka a matsayin na baƙin ciki, in ka fara su daga C, wato C, G, Am, F, su ne dai ake kira na murna. Ashe mafari, saurin kiɗa da murya ne ke yin aikin.

Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, kalangu da 'yan amshi kawai gare shi. Kuntigin Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya ce. Barmani Choge da ƙwarya ta tayar da mata tsaye. Babu mai danna kod a cikinsu, amma har yau suna taɓa zuciya.

Wani zai ce ai zamani ya canza, fiyano ke ci yanzu. Na yarda, ban ce a jefar da ita ba. Jerin nan yana taimaka wa mai koyo ya san inda zai ɗora yatsa. Abin da nake cewa shi ne a juya tsarin. Ka fara rera baitinka ba kiɗa, kamar kana yi wa mutum magana, ka naɗa a waya. Ka zaɓi kiɗan da ya dace da shi. Sai daga ƙarshe ka lalubi kod ɗin da zai bi muryar. Sau da yawa biyu ma sun isa.

Haka na sake waƙar ƙanwata, ana saura kwana biyar biki, da fiyanon abokina. Gwaggo ba ta yabe ni ba, amma na ji tana rera amshin tana tankaɗe.

'Yan'uwa mawaƙan makaranta, kafin ku biya kuɗin situdiyo, ku kunna wa wata dattijuwa a gida.