Kafin ka zagi malamin Dutse da h-index, karanta wannan zaren

1/ Akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana a dandalin nan. Mutum ya buɗe Google Scholar, ya ɗauko hoton shafin wani malamin Jami'ar Tarayya ta Dutse ko ta Sule Lamido a Kafin Hausa, ya jera da na wani Bature, ya rubuta "kun ga farfesoshinku?" Wallahi wannan rashin adalci ne. Ku biyo ni.

2/ Mu fara da abin da ake yi wa tutiyar. Wani masanin kimiyya a Amurka, Jorge Hirsch, shi ya ƙirƙiro h-index a 2005. Idan naka 10 ne, to kana da takardu 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10. Iyakar abin ke nan. Lambar ba ta san ko ka warkar da mutum ɗaya ba, ba ta san ko da wuta ka yi aikin ko da fitilar waya ba.

3/ Zan yi misali da ilimin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, don akwai ɗan yankinmu da ya zauna ya ƙirga abin. Dakta Mahmoud Bukar Maina, ɗan Nguru, nan maƙwabtan Haɗeja. Ya yi digirin farko a Jami'ar Maiduguri, ya yi digirin digirgir a Sussex ta Ingila, yana bincike kan cutar mantuwa ta Alzheimer.

4/ A 2019 shi da abokan aikinsa suka duba takardu 572 na wannan fanni da aka yi a Najeriya daga 1996 zuwa 2017. Ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne suka yi amfani da manyan dabarun zamani. Guda ɗaya tak ta fito a mujalla mai daraja ta farko. Ɗaya, jama'a, cikin fiye da shekara 20.

5/ A 2021 suka faɗaɗa zuwa Afirka duka, a mujallar Nature Communications. Takardu 12,326 ne ke ɗauke da sunan wata cibiya ta Afirka. Da suka tace, 5,219 kaɗai aka yi aikin a Afirka kuma masu bincike mazauna Afirka suka jagoranta. Kusan takarda 5 a shekara ga kowace ƙasa.

6/ Yanzu ka tambayi kanka: duk masanan Najeriya ne daƙiƙai na shekara 20? Ai shi kansa Maina a Maiduguri aka koyar da shi. Ƙwaƙwalwar da ya tafi da ita Sussex ita ce ya fita da ita daga Nguru. Abin da ya tarar a can shi ne ɗakin gwaji mai kayan aiki, da wuta, da kuɗin bincike.

7/ Don ku gane abin da ake nufi da kayan aiki: ana ajiye samfurin ƙwaƙwalwa ko na jini a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. In wuta ta ɗauke, janareta ba mai, aikin watanni ya narke a dare ɗaya. Sinadaran gwaji daga waje ake sayo su, da dala. Ka ce mutum ya yi tseren da Oxford a haka?

8/ Shi ya sa malamai da yawa suke komawa abin da hannu zai iya kaiwa: a jiƙa ganye ko saiwa, a ba ɓera, a auna yadda yake tafiya. Aiki ne mai amfani a matakin farko. Amma babu na'urar da za a gano wane sinadari ne ya yi aikin, kuma ta ina. Sai binciken ya tsaya a nan, ambato ya tsaya a nan.

9/ Sai zancen haɗin gwiwa. Takardar da aka yi da manyan cibiyoyin waje ta fi samun ambato, wannan sananne ne. To amma ku koma lamba ta 5. Fiye da rabin takardun da ke da sunan Afirka ba su cika sharaɗin "an yi a nan, mu muka jagoranta" ba. Sau da yawa mu ne masu ɗibar jini, su ne masu tambaya da amsa.

10/ Mutum zai iya tara ambato dubu don sunansa na 37 cikin marubuta 200. Wani kuma ya yi shekaru yana bin masu farfaɗiya a ƙauyukan Kiyawa da Jahun, ya fito da takarda ɗaya da mutum 12 suka ambata. A Google Scholar na farko ne gwani. A wurin uwar yaron da ake cewa aljanu ne suka taɓa shi fa?

11/ Haɗin gwiwa na ƙwarai yana nan, mun gani. Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya nuna alaƙar wata cutar jijiyoyi da gubar da ke cikin rogon da ba a sarrafa da kyau ba. Tambayar gida ce, daga abincin gida. Daga baya Ibadan da Indianapolis suka yi shekaru suna kwatanta cutar mantuwa tsakanin tsofaffin Yarbawa da baƙaƙen fatan Amurka.

12/ Wannan aikin ya nuna cewa wani ƙwayar gado da ake kira APOE4, wanda ke ƙara haɗarin Alzheimer sosai a Turawa, tasirinsa bai kai haka ba a Yarbawa. Ka ga abin da ake samu idan mutanen gida suna kan teburin tun daga tsara tambayar. To Hausawa da Fulanin Jigawa fa, wa zai duba namu?

13/ Kar malamai su yi murna tukuna, ku ma akwai naku. Masu biyan kuɗi a buga musu takarda cikin kwana uku a mujallar bogi. Masu "sa ni a taka, in sa ka a tawa". Masu yanka bincike ɗaya gida huɗu don ƙarin girma. Masu ambaton kansu har abin ya zama abin kunya. Wannan cin amanar ilimi ne, talauci ba uzuri ba ne a kansa.

14/ Kuma tsarin ne ke haifar da su. In kwamitin ƙarin girma ƙirga takardu yake yi ba ya karantawa, takardu za a kawo masa, kowace iri. Tun 2012 masana suka fitar da sanarwar San Francisco, wadda ake kira DORA, cewa a daina auna mutum da darajar mujallar da ya buga a ciki, a duba aikin kansa.

15/ Me ya kamata mu yi da ƙarfin da muke ɓatawa a zagi? Ku duba Yobe. A 2021 aka buɗe cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, Maina ya jagoranta, gwamnatin jiha ta sa hannu, aka samo na'urori daga waje. Yobe ba ta fi Jigawa kuɗin a zo a gani ba. Niyya aka yi.

16/ Mu a nan muna da jami'ar Dutse tun 2011, ta Kafin Hausa tun 2013, ga asibitin Rasheed Shekoni. Ga farfaɗiya, ga shanyewar ɓarin jiki, ga sanƙarau da ke barin yara da kurumta, ga tsofaffin da ake cewa "ruɗewa ce kawai". Marasa lafiya da ɗalibai duk suna nan. Ɗakin gwajin ne ya rage.

17/ Don haka tambayoyin da za mu riƙa yi wa Gwamna Umar Namadi, da TETFund, da shugabannin jami'o'in: nawa aka ware wa bincike bana? Ina ɗakin gwaji ɗaya na haɗaka mai wutar sola da ba ta yankewa? Wa aka horar ya gyara na'urar in ta lalace? Gine-gine da fenti kam mun gani.

18/ In kuma za ka auna malami, ga ma'auni: wace tambaya ya yi, ta shafi mutanen nan? Shi ya jagoranta ko suna aka manna masa? Ɗalibai nawa ya yaye da suka iya aikin? Buɗe takardar ka karanta ko da taƙaitawar ce. In ka yi wannan ka ga bogi ne, to ka caccake shi, zan taya ka yaɗawa.