Albashin malami: a ina ya kamata a kashe shi?

Jama'a, akwai maganar da ake ta yi kwanakin nan, wai malamin makarantar gwamnati bai kyauta ba idan ya karɓi albashi daga kuɗin ƙaramar hukuma ya kwashe ya je birni ya kashe. Masu wannan ra'ayi suna da hujja. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, SUBEB ta biya. A ƙauyuka da dama malamai ne suka fi kowa yawa cikin masu albashin wata-wata. Idan kuɗin nan ya tsaya a gari, mai shago ya samu, tela ya samu, mai nama da mai niƙa su samu. Waɗannan kuwa su ne iyayen yaran da ke zaune a ajinsa. Uban da ya yi ciniki shi ke iya sayen littafi da yunifom.

Akwai kuma batun alkunya. Duk sanda albashi ya makara, wa ke ba malami bashin shinkafa da sabulu? Mai shagon unguwa ne, ba dila a kasuwar Singa ba. To idan alat ya shigo ka wuce shi ka tafi Kano ka yi sari, ka dawo masa sai ranar da aljihu ya bushe, wallahi ba ka yi adalci ba.

Amma ni ban yarda a mayar da wannan wajibi ba, balle a riƙa zagin malami a kai. Albashi haƙƙinsa ne, guminsa ne. Ba a taɓa tambayar ciyaman ko kansila ko daraktan ma'aikata ina suke kashe nasu ba, alhali da yawansu a babban birnin jiha suke kwana, sakatariya sai ranar da kaso ya zo. Me ya sa sai malami, wanda ya fi kowa ƙarancin samu?

A duba lissafinsa mana. An sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, amma malaman firamare na Abuja sai da suka shafe sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 kafin a saurare su. Idan haka ta faru a babban birnin ƙasa, yaya na ƙauye? Mutumin da ke ƙirga kowace naira dole ya nemi inda ya fi sauƙi. Hatsi da dabba sun fi araha a kasuwar ƙauye, irin ta Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis. Sukari da man girki da omo kuma sun fi sauƙi a birni. Ba cin amana ba ne, dabarar rayuwa ce.

Kuma asalin matsalar ba wurin cefane ba ce, wurin kwana ce. Malamin da ke zaune a birni yana zuwa ƙauye kullum, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ke cinye babban kaso na albashinsa. Kuɗin bai shiga ƙauye ba, bai shiga gidansa ba. Sai ya fara zuwa kwana uku a mako, yara su zauna ba darasi. A da, makarantu da yawa suna da gidajen malamai, malami ɗan gari ne, ana suna da jana'iza da shi. Yanzu je ka ga kwatas ɗin, wasu rufi ya yaye, wasu awaki ke kwana.

A 2020 Buhari ya yi wa malamai alƙawarin albashi na musamman da alawus ga masu aiki a karkara. Ƙarin shekarun ritaya zuwa 65 ya zama doka a 2022, amma ku tambayi malamin ƙauyenku ko ya ga wancan alawus ɗin. Kotun Ƙoli kuma ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To ga abin da za mu tsare ciyamomi a kai: a biya albashi kan lokaci, a gyara gidajen malamai, a tura malami kusa da garinsu idan ya cancanta. Mutanen gari su ma su ba shi haya mai sauƙi da ɗan fegin noma. Malamin da ke kwana a gari ba sai an roƙe shi ya yi cefane a gari ba.

Ku kuma malamai, tallafin da gari ya fi buƙata daga gare ku ba na shago ba ne. Ku zo aji kullum, ku biya bashin mai shago kafin komai, kuma wanda zai iya ya sa ɗansa a makarantar da yake koyarwa. Ranar da ɗan hedimasta ke zaune a ƙasa tare da ɗan manomi, ranar za a fara neman benci da gaske.

Malaman da ke nan, ku faɗa mana yadda abin yake a wajenku. Allah Ya sa mu dace.