Kabin ɗin talho a Faransa: an yi gaggawar tumɓuke su

Duk wanda ya taɓa zama Faransa kafin zuwan salula, ko ɗan makaranta ne ko ɗan ci-rani, ya san ɗan ɗakin gilashin nan na bakin titi da ake kira kabin. Nan ne ƴan Nijar ke yin layi ranar Lahadi, cikin sanyi, don su ji muryar gida. Yau babu su, sai ɗaiɗaiku. Ni kuwa a ganina an yi gaggawa.

Abin ya daɗe. Tun shekarun 1880 akwai wuraren buga talho na jama'a a birnin Paris, galibi cikin gidajen waya. A 1923 aka kawo wanda ake kira Taxiphone, aka girka shi a gidajen shan kafe da gidajen waya. Daga baya shi ne aka san shi da jeto, wani ƙarfe mai kama da kwabo: ka saya wurin mai shago, ka jefa, ka yi magana. A shekarun 1970, lokacin shugaba Giscard d'Estaing, gwamnati ta ga ƙasar tana baya ƙwarai wajen talho, sai ta zuba kuɗi, kabin na gilashi masu karɓar tsabar kuɗi suka cika tituna.

To amma inda kuɗi suka kwana, ɓarawo ba ya barci. Aka dinga fasa akwatunan, mutum ya zagaya unguwa bai samu mai aiki ba. Maganin ya fito daga katin nan mai ɗan guntun ƙarfe da Roland Moreno ya ƙirƙiro a 1974. Daga tsakiyar shekarun 1980 aka soma sayar da katin talho, mai raka'a 50 da mai 120, a gidan waya da shagunan taba. Babu kuɗi cikin akwati, me za a fasa? Wanda ya kira Maraɗi ko Damagaram da katin 120 ya san yadda lambobin ke zubewa kamar ruwa a kwando. Kafin a gama gaisuwa da tambayar damina, kati ya mutu. Dabarar ita ce kowane kabin yana da lambarsa, sai ka bayar a kira ka, ka tsaya gadinsa, Bature na bayanka yana hararar ka.

A 1997 kabin sun kai wajen 300.000. Amma ba yawan ba ne ya fi burge ni, dokar ce. An wajabta wa kamfanin France Télécom ya ajiye kabin aƙalla ɗaya a kowace komin, komin ƙanƙantarta, da na biyu in mutanenta sun wuce 1.000. Ko ana riba ko ba a yi. Kuma kiran ƴan sanda ko masu kashe gobara ko likitocin gaggawa kyauta ne, ba kati ba kwabo.

Salula ta zo ta kwashe kasuwa, kamar yadda ta yi wa telesantar ɗinmu na Yamai da Tawa. Aka daina sayar da katin a 2014. A 2015 dokar da ake kira ta Macron, wanda lokacin yake ministan tattalin arziki, ta ɗauke wa kamfanin, da ya koma Orange, wannan nauyi. Zuwa ƙarshen 2017 an kwashe kusan duka. Waɗansu garuruwa sun mai da nasu wurin ajiye littattafai.

Masu goyon baya suna cewa asara ake yi, kabin na wuni ba wanda ya ɗaga kansa. Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai tun farko ba don riba aka yi waccan doka ba, don wanda ba shi da wata hanya aka yi ta. Har yanzu akwai shi: mai kwana a titi, baƙon da ya sauka tashar jirgin ƙasa aka sace mishi salula, tsohuwar ƙauyen da rezo ba ya kai wa sosai. Rage su zuwa ɗaya a kowace tasha da kowane asibiti, ai da bai karya kamfani irin Orange ba. Su waɗannan mutane ba su da ƙungiya, ba su da wakili a majalisa, shi ya sa ranar da aka zo da mota aka ɗauke kabin ba a ji kukan kowa ba.