Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Ra'ayina A Kan Wani Littafin Kwamfuta

Akwai wata magana da ta tsaya mini a rai tun zangon karatun da ya wuce. A wannan zango ne aka shiga gyaran ɗakin karatu na makarantarmu, aka ware littattafan da aka ce sun tsufa, aka jibge su cikin kwali don a sami wurin ajiye sababbi, waɗanda za a roƙi iyaye su haɗa kuɗin sayensu. Cikin kwalin nan na ga wani littafin kwamfuta mai kauri, wanda ni da abokaina muka sha wahala da shi, muka kuma amfana. Da na tambayi dalilin fitar da shi, sai aka ce mini ai littafin kwamfuta in ya shekara 5 ya zama takardar ƙunshe ƙosai, balle wanda ya haura shekara 20. To, ni ban yarda da wannan hukunci ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sunan littafin Component Software, an kuwa rubuta shi da Turanci. Mawallafinsa Clemens Szyperski ya yi digirinsa na dakta a 1992 a babbar makarantar fasaha ta Zurik, cikin ƙasar Suwizalan, a hannun Niklaus Wirth, malamin nan da ya ƙago harshen kwamfuta mai suna Pascal. Daga baya ya koyar a Ostareliya, sa'an nan ya koma kamfanin Microsoft a Amurka a 1999. Bugun farko na littafin yana ɗauke da shekarar 1998. Namu shi ne bugu na biyu, na 2002, wanda Dominik Gruntz da Stephan Murer suka sa hannu a ciki, ya kuma haura shafi 500.

Domin iyayenmu waɗanda ba su saba da kwamfuta ba, bari in faɗi abin da littafin yake magana a kai. Kowa ya san keke. In sarƙar kekenka ta tsinke, ba ka komawa wurin waɗanda suka ƙera keken, sai ka je kasuwa ka sayi wata, mai gyara ya ɗaura maka. Wanda ya ƙera sarƙar bai san wanda ya ƙera tayar ba, wanda ya ƙera tayar bai san mai sirdi ba, amma duk sai su zauna daram a jikin keke ɗaya, saboda an yi ittifaƙi a kan awo. In ka ce a ba ka taya mai daidai awon kekenka, ko'ina ka saya za ta shiga. To, manhajar kwamfuta, watau jerin umarnin da ke sa na'ura ta yi aiki, ita ma ana son a riƙa haɗa ta haka: wannan ya rubuta sashen da ke lissafi, wancan ya rubuta sashen da ke buga takarda, wani na uku wanda bai san su ba ya zo ya harhaɗa. Wannan shi ne tsara manhaja da shiryayyun sassa.

Tunanin ya girmi littafin da nisa. A watan Oktoba na 1968 aka yi wani taro na masana a garin Garmisch cikin Jamus, inda Douglas McIlroy, ma'aikacin ɗakin binciken Bell na Amurka, ya kawo shawarar a riƙa ƙera sassan manhaja da yawa kamar yadda masana'antu ke ƙera noti da ƙusa, mai bukata ya zaɓa ya saya. Shekara 30 bayan haka, sai Szyperski ya zauna ya bincika dalilin da ya sa abin ya ƙi yin sauƙi kamar na keke, da sharuɗɗan da sai an cika su zai yiwu. Amsoshin da ya bayar su ne darajar littafin, zan kuwa kawo uku daga cikinsu.

Na farko, ya nuna cewa sashe ba ya amsa sunansa sai ya kasance ana iya ɗaukarsa shi kaɗai a kai wani wuri, baƙo ya yi aiki da shi ba tare da ya buɗe cikinsa ba. Don haka wajibi ne a sami yarjejeniya a mahaɗar sassa biyu, wadda ta bayyana abin da sashen yake bukata a ba shi, da abin da ya yi alkawarin mayarwa. Na biyu, wajibi ne sashe ya faɗi duk abin da ya dogara a kai, kada ya ɓoye kome. Na uku, ya yi gargaɗi a kan abin da masu wannan sana'a suke kira gado, watau wani yanki na manhaja ya gaji halayen wani har da yadda cikinsa yake aiki. In mai asalin ya yi ɗan gyara, ko da gyaran alheri ne, sai magadan su rikice, alhali kuwa bai san ma suna nan ba. Shawarar littafin ita ce, tsakanin sassan mutane dabam-dabam, gara kowa ya tsaya a kan yarjejeniya, ya aika wa ɗan'uwansa aiki, da a ce ya jingina da sirrin cikinsa.

Gani ya kori ji, in ji masu iya magana, saboda haka bari in ba ku labarin abin da ya same mu. Mu huɗu a ƙungiyar kwamfuta ta makaranta muka ɗauki aikin rubuta 'yar manhaja da za ta tara makin jarrabawa ta buga wa kowane ɗalibi takardar sakamako. Sashen lissafi mu muka rubuta. Sashen buga takarda kuwa muka samo shi kyauta a intanet, muka gwada da sunaye biyar, ya yi aiki lafiya lau, muka yi ta murna. Ranar da muka zuba sunayen aji duka, sai duk sunan da ke da ƙ ko ɗ ko ɓ ya fito da alamar tambaya a gurbin harafin. Muka kwana uku muna binciken layukanmu, muna zargin juna, har biyu daga cikinmu suka daina magana. Ashe laifin ba namu ba ne. Wanda ya rubuta sashen ya ɗauka kowa da haruffan Turanci yake rubutu, watau tsohon tsarin nan mai alamomi 128 wanda babu haruffanmu masu ƙugiya a cikinsa, bai kuwa faɗi haka ko'ina ba. Malaminmu ne ya miƙo mana wannan littafi, ya nuna mana babin yarjejeniya. Babu maganar Hausa a ciki ko kaɗan, amma ciwonmu ne aka kwatanta sak: sharaɗin da aka ɓoye. Tun daga ran nan, kafin mu ɗauki sashen wani, sai mun tambaya me yake ɗauka, me ba ya ɗauka, kuma da wa ya dogara.

Kada wani ya ce wannan kuskuren yara ne kawai. Ranar 4 ga Yuni 1996 aka harba rokar Turai mai suna Ariane 5 karo na farko daga Kourou, a Kudancin Amurka. Kimanin daƙiƙa 40 da tashinta ta kauce hanya ta tarwatse, tare da taurarin ɗan'adam 4 da take ɗauke da su. Da aka bincika, sai aka tarar an ɗauko wani sashen manhaja daga tsohuwar rokar Ariane 4, inda ya daɗe yana aiki ba tare da matsala ba. Sashen yana zuba wata lamba cikin ma'aji wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. A tsohuwar roka lambar ba ta kaiwa nan, amma sabuwar ta fi ta saurin tafiya a gicciye, sai lambar ta yi ambaliya. Na'urar ko-ta-kwana ma manhaja ɗaya suke da ita, don haka ita ma ta tsaya. Manyan injiniyoyi ke nan, amma abin da ya kā da mu shi ya kā da su.

To, amma fa ba zan yi muku rufa-rufa ba, littafin yana da aibu, har guda uku. Na farko, wani babban yanki nasa ya tsufa da gaske. Ya ɓata shafuka masu yawa yana bayanin hanyoyi uku da suke takara a zamaninsa: CORBA ta wata ƙungiyar kamfanoni, da JavaBeans ta kamfanin Sun, da COM da .NET na Microsoft. Kamfanin Oracle ya saye Sun a 2010. An cire CORBA daga cikin Java a 2018. COM tana nan cikin Windows, amma ba ta nan mai koyo zai fara ba, .NET kuwa an sāke mata gini ƙwarai tun bayan 2002. Wanda ya haddace waɗannan babobi don neman aiki ya yi asarar man fitila.

Na biyu, littafin ya ba da ƙarfi ga kasuwa, inda za a riƙa saye da sayar da sassa. Abin da ya fi rinjaye daga baya shi ne sassan kyauta, waɗanda mutane ke rubutawa su zuba cikin rumbuna a intanet. Rumbun npm kaɗai yana da sassa fiye da miliyan 2. Sai dai ko a nan ma gargaɗinsa bai faɗi ƙasa ba, domin ya nuna cewa yawan jingina da sassan wasu yana da haɗari. A watan Maris na 2016 wani ya janye ɗan sashensa mai layi 11, mai suna left-pad, daga wannan rumbu, sai dubban ayyuka suka tsaya cik har aka mayar da shi. A Disamba ta 2021 kuma aka gano ɓaraka cikin Log4j, kamfanoni da yawa suka shiga neman ko yana cikin kayansu, domin su kansu ba su san abin da suka dogara a kai ba.

Na uku, littafin yana da tauri. Turancinsa na jami'a ne, ba ya kuma kama hannunka ya ce rubuta wannan, danna wancan. Wanda bai taɓa rubuta manhaja ba, in ya buɗe shi, barci zai ɗauke shi kafin shafi na goma. Ni kaina akwai babin da na karanta sau uku da ƙamus a gefe, har yanzu ban ce na gane shi duka ba.

Wani zai ce, tun da ga intanet, ga bidiyo, ga na'urorin da ke rubuta maka manhaja in ka tambaye su, me za a yi da littafi mai tauri wanda rabinsa ya tsufa? Amsata ita ce, bidiyo ne ya koya mana yadda za mu ɗauko sashen da ya ɓata mana sunaye, cikin minti goma. Bai gaya mana tambayar da ya kamata mu yi kafin mu ɗauka ba. Abin da ke nuna maka inda za ka danna yana da amfani, amma yana mutuwa ranar da aka sāke wurin dannawar. Abin da ke gaya maka dalili kuwa yana bin ka duk inda ka je. Kuma duk yadda ɗauko kayan wani ya ƙara sauƙi, haka bukatar mai iya tantance su take ƙaruwa.

Saboda haka ga roƙona. Ga masu kula da ɗakin karatu, a mayar da littafin nan kan kanta, a liƙa 'yar takarda a bangonsa mai cewa a karanta kashi na ɗaya da na biyu, a ɗauki babobin CORBA da JavaBeans da COM a matsayin tarihi. Ga 'yan'uwana ɗalibai, kada ku fara da shi. Ku fara da ƙaramin littafi mai koyar da harshe ɗaya, ku rubuta abinku, ya lalace, ku ji zafin, sa'an nan ku zo gare shi tare da malami. Ga iyayenmu kuwa, waɗanda guminsu ne zai sayi sababbin littattafai, muna godiya, muna kuma bukatarsu ƙwarai. Sai dai in an kawo muku jerin sunaye, ku tambayi malamai guda nawa ne a ciki za a sāke jefawa cikin kwali bayan shekara 5, guda nawa ne kuma ƙannenmu za su tarar da amfaninsu. A sayi iri biyun duka, amma a san wanne ne wanne.

Kwalin nan yana nan a bayan ƙofar ɗakin karatu, ba a kai ga fitar da shi ba. Ina fata kafin a ɗauke shi, wani malami mai ilmin kowane fanni zai zauna ya duba abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, domin ban tsammani littafin da na yi magana a kai shi kaɗai ne aka yanke wa hukunci saboda shekarar da ke bangonsa ba.