Fanshon Malamin Borno Hakki Ne

A shekarar 1976, wadda aka kafa Jihar Borno, Gwamnatin Tarayya ta soma shirin ilimin firamare kyauta, aka ɗebi samari da yawa aikin koyarwa. Bisa ƙa'idar shekara 35 ta aiki, ritayarsu ta zo wajen 2011, daidai lokacin da Boko Haram ke ƙona makarantu da ofisoshin ƙananan hukumomi, har da takardun ma'aikata. A 2017 hukumar UNICEF ta ce an kashe malamai 2,295 a Arewa maso Gabas. Da yawa cikin waɗanda suka tsira Maiduguri suka gudo, suka shiga zaryar ofisoshi suna neman kuɗin sallama.

Dokar 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malami zuwa 65, ko shekara 40 yana aiki. Madalla, amma ƙarin shekaru ba ya ciyar da wanda ya riga ya ajiye alli. Sashe na 210 na Tsarin Mulki ya hana a riƙe fanshon ma'aikacin jiha, ya kuma wajabta sake duba shi duk shekara biyar.

'Yan Arewa mazauna Agege da Sabon Badun sun san nauyin wannan jinkiri, domin aljihunsu ne ke ciyar da dattijon da ya koya musu karatu. Ya kamata ƙungiyoyinsu su rubuta wa wakilansu na Majalisar Dokokin Borno, su nemi a buga sunayen masu bin bashi da ranar biyan kowa.