Gasar Lig da Tsoron Dattawan Zari-Ruga

Fiye da shekara ɗari ƙungiyoyin ƙwallon zari-ruga na Ingila suka yi suna wasa ba tare da gasar lig ta ƙasa ba. Kowace ƙungiya ita ke zaɓar abokan karawarta, manya kuwa ba sa kula kowa sai tsararsu. Ƙaramar ƙungiya, komai ƙwazonta, ba ta da inda za ta nuna kanta.

Hukumar wasan, wadda aka kafa a 1871, ta daɗe tana ƙin lig. Tsoronta shi ne kwaɗayin nasara zai kai ga biyan 'yan wasa kuɗi, batun da ya raba wasan gida biyu a 1895. Maƙwabciyarta Sikotland ta riga ta yin ƙarfin hali a 1973, inda Hawick ta zama zakarar farko. Ingila sai a 1987 ta bi sahu, da ƙungiyoyi fiye da dubu jere a rukunoni: mai nasara ya hau, mai faɗuwa ya sauka. Leicester ce ta fara ɗaukar kambun.

Tsoron dattawan ya tabbata. A 1995 kuɗi ya shigo a fili, a 1999 kuma matsalar kuɗi ta fitar da tsohuwar ƙungiyar Richmond daga babban rukuni. Duk da haka ina ganin kafa lig daidai ne. Ba don wannan tsani ba, da Exeter ba ta taso daga ƙasa ta zama zakara a 2017 ba. Tsarin da ke kare martabar gado yakan binne mai ƙwazo. Gara wanda zai auna kowa a fage, komai tsadarsa.