Fansho Ba Sadaka Ba Ne

Muna kira ga 'yan kasuwar Gaya da su yi wa direbobi da yaran shagonsu rajista a CNSS. A dokar Nijar, ma'aikacin da aka zuba wa kuɗin wata 180 yana da fansho idan ya kai shekara 60. Wanda ya nakasa yana da nasa haƙƙin, haka matar mamaci da marayu. Amma wanda ba a zuba wa ba, tsufa zai riske shi hannu rabbana.

Iyayen adashi da shugabannin kasuwa, gare ku ake neman shawarar kuɗi, don haka ya kamata CNSS ta zauna da ku ta fahimtar da ku. Ku kuma ku gargaɗi kowa ya adana lambar rajistarsa da takardun albashi.